Barin sigari: a ba hannu da baki wani aiki

Babu garin da babu mashaya sigari, kuma da yawa cikinsu sun gaji da ita. Wani ya rantse ya bari, ya yi kwana biyu, ya koma. Wani ya jefa kwalin taba cikin wuta da dare, da safe ya aiki yaro wurin mai tebur. Sai mutane su ce ba shi da zuciya. Amma sau da yawa niyya tana nan, dabara ce babu.

A wannan shafi za mu bayyana dabara ɗaya: mai son barin taba ya ɗauki abin kiɗa, kamar gurmi ko sarewa, ya koya. Wani zai yi dariya, ya ce me ya haɗa kiɗa da sigari? Mu bi maganar sannu sannu, za mu ga mahaɗinsu.

Abin da ke cikin hayaƙi

Masana sun auna hayaƙin taba, sun tarar da abubuwa sama da iri 7000 a ciki. Wajen 70 daga cikinsu suna kawo ciwon daji, wato kansa. Uku sun fi cancanta mu san su.

Na farko baƙin danƙo ne mai kama da kwalta. Ku dubi rufin ɗakin girki, yadda kunkunniya ke manne masa shekara da shekaru. Haka wannan danƙo ke manne wa huhu. A cikin hanyar numfashi akwai ƙananan gashi waɗanda ido ba ya gani, aikinsu share ƙura kamar tsintsiya. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi, sai datti ya taru, tari ya zauna.

Na biyu muguwar iska ce, irin wadda gawayi ke fitarwa a ɗakin da aka rufe. Tana shiga jini, ta tare wurin iska mai kyau. Shi ya sa mashayi ke saurin haki in yana noma ko jan guga.

Na uku shi ne nikotin. Shi ne ke kama mutum, ya hana shi bari.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara. Sama da miliyan ɗaya cikinsu ba su sha, hayaƙin wasu suke shaƙa: matan gida, yara, abokan hira. Taba tana kawo kansar huhu da ta baki, ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Saboda haka ne ƙasarmu Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a ranar 15 ga watan Mayu 2006. Dokar ta hana tallar taba, ta kuma hana shan ta a wuraren da jama'a ke taruwa. Sai dai doka ba ta shiga aljihun mutum ta fitar da kwali. Wannan aikin mai shi ne.

Igiya uku

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Taba kuwa da igiya uku take ɗaure mutum a turke.

Igiya ta farko tana cikin jini. In mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin yakan kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Sai mutum ya ji ɗan sauƙi. Bayan ɗan lokaci nikotin ya ragu cikin jini, jiki ya sake nema. Wannan nema shi ke kawo ɓacin rai da rashin sukuni. Mashayi yana zaton taba ce ke kwantar masa da hankali, alhali ita ce ta fara tayar da shi.

Igiya ta biyu tana hannu da baki. Mu ɗauka mutum yana shan kara 10 a yini, kuma kowane kara yana kai shi baki sau 10. Hannunsa ya je baki sau 100 ke nan a yini ɗaya. A shekara sau 36.500. Hannun da ya yi abu sau dubu dubai ba ya jiran umurni. Da kansa yake shiga aljihu.

Igiya ta uku tana ga lokaci da wuri. Kowane mashayi yana da lokutansa: bayan cin tuwo, wurin shayi a fada, gindin icce in an huta a gona, tasha in ana jiran mota, ko dare in barci ya ƙi zuwa. Da lokacin ya yi, sai sha'awa ta taso, ko da mutum bai tuna da taba ba.

Igiyar jini ita ce ta fi zafi, amma ita ce ta fi saurin tsinkewa. Wahalarta takan yi tsanani cikin kwana 3 na farko, ta riƙa raguwa cikin sati 2 zuwa 4. Igiyar hannu da ta lokaci sun fi daɗewa. Su ne ke mai da mutum turke bayan ya yi wata guda da bari. A nan ne abin kiɗa ke da amfani.

Sha'awa kamar guguwa take

Ga abin da ya kamata kowane mai son bari ya riƙe. Sha'awar taba ba ta zama yini guda cur. Tana tasowa, ta yi ƙarfi, ta faɗi. Yawanci mintoci kaɗan take yi, biyar ko goma. Ko mutum ya sha, ko bai sha ba, za ta wuce. Kamar guguwa ce a fili lokacin rani: ta taso da ƙura da karmami, ta yi juyi, ta tafi.

To ashe ba a ce mutum ya yi kokawa da taba ta shekara guda a tashi ɗaya ba. Kokawar minti goma ce, sau da yawa a yini. Duk wadda ya ci, mai zuwa za ta zo da raguwar ƙarfi. Tambaya ita ce: me zai yi cikin wannan minti goma? Wanda ya zauna hannu sake yana kallon masu sha, da wuya ya kai labari.

Abin da kiɗa ke yi

Kiɗa ba ya wanke nikotin daga jini. Jiki ne ke yin wannan da kansa cikin ƴan kwanaki. Aikin kiɗa shi ne ya riƙe mutum har guguwa ta wuce, kuma ta hanya huɗu yake yi.

Yana kama hannu biyu. Mai gurmi, hannu ɗaya yana danna tsarkiya, ɗaya yana kaɗawa. Babu hannu na uku da zai ƙyasta ashana.

Yana kama baki da numfashi. Mai busa sarewa dole ya ja iska mai yawa, ya sake ta a hankali. Irin wannan dogon numfashi yana cikin abubuwan da ma'aikatan lafiya ke koya wa masu barin taba, domin yana sassauta ƙunci. Mai kaɗa tsarkiya ma, in yana rera waƙa, bakinsa ya samu aiki.

Yana kama hankali. Sabon koyo ba ya iya kiɗa yana tunanin wani abu. Da hankalinsa ya tafi, sai yatsa ya kuskure. Rediyo da hira ba su kama mutum haka, domin ana iya saurare ana shan taba.

Yana ba da lada a kan aiki. Yau yatsu sun ƙi, gobe sun fara bi, jibi an fitar da ɗan kiɗan da kunne ya sani. Wanda ya bar taba yakan ji kamar an ƙwace masa wani abu. Koyon kiɗa yana sa ya ji akwai abin da yake samu kowace rana.

Wane abin kiɗa za a zaɓa?

Sharaɗi uku ne. Ya zama mai araha. Ya zama mai sauƙin ɗauka, domin sha'awa ba ta jiran a koma gida. Ya zama mai taushin murya, wanda ba zai dami maƙwabta ba.

Sarewa. Ita ce abokiyar makiyayi. Da kara ko gora ake yin ta, a huda mata ƙofofi. Ba ta da nauyi, kuma kusan ba ta cin kuɗi. Ta dace da wanda bakinsa ya fi damun sa. A farkon koyo kai yakan yi ɗan juyi saboda yawan busa. In haka ta faru a huta, a ci gaba daga baya.

Gurmi. Ƙaramar ƙwarya ce da aka rufe da fata, da sanda, da tsarkiya biyu ko uku. Muryarsa ba ta da hayaniya. Ya dace da hirar dare a ƙofar gida.

Kuntigi. Tsarkiya ɗaya gare shi, kuma da gwangwanin kifi ake yin cikinsa, a rufe da fata. Da shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna a duk ƙasar Hausa. Ƙarami ne, yana shiga jakar tafiya.

Molo da garaya. Sun fi gurmi girma, sai dai a gida. Suna da daɗi ga mai haƙurin koyo.

Ƙwarya da shantu. Mata masu shan taba ko cin ta suna da waɗannan a cikin gida, ba sai sun saya ba.

Kalangu da ganga suna da ƙara ƙwarai, ba a kaɗa su tsakar dare. Algaita kuwa tana son ƙarfin numfashi da doguwar koyarwa, ba ta dace da mai farawa ba.

"Ni ba maroƙi ba ne"

Mun san abin da zai tsaya wa mutane da yawa a rai. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan manomi ko ɗan malami yana jin kunyar a gan shi da molo, kada a ce ya koma roƙo. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu raina ta ba.

Amma a duba. Roƙo shi ne a bi mutane da kiɗa domin a samu kyauta. Makiyayin da ke busa sarewa bayan shanunsa ba ya roƙon kowa. Marigayi Malam Maman Barka, mutumin Tasker cikin jihar Damagaram, malamin makaranta ne. Ya riƙi gurmi har ƙasa duka ta san shi. Yana da shekara sama da 40 ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar. Ya rasu a 2018. A Yamai kuma, a 1989, an kafa cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, domin kada kiɗan gargajiya ya ɓace. Darasin da ke nan biyu ne: koyon kiɗa ba sai da gado ba, kuma girma ba ya hana shi.

Akwai kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba saboda addini, ko saboda matsayinsa a gari. Kada ya tilasta wa kansa. Gindin dabarar shi ne hannu da baki da hankali su samu aiki. Sai ya riƙi tasbaha da asuwaki. Ko ya koyi tufkar igiya, saƙar tabarma, ɗinkin hula, ko ya ɗauki alƙalami ya kwafi shafi ɗaya na littafin karatunsa duk lokacin da sha'awa ta taso.

Yadda za a yi

1. Ka samu abin kiɗanka sati biyu kafin ka bari. Ka nemi wanda ya iya, ya nuna maka riƙo da kiɗa ɗaya mai sauƙi. Ranar bari ba ranar fara koyo ba ce, domin haushin koyo da haushin taba in sun haɗu sun yi yawa.

2. Ka rubuta lokutan da kake sha. Kwana uku, duk karan da ka kunna, ka ja layi a takarda, ka rubuta wuri da lokaci. Za ka ga inda abokin gaba ke ɓuya.

3. Ka sa rana, kada ta wuce sati biyu. Wasu suna zaɓen 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya. Wasu suna zaɓen farkon azumi, tun da mai azumi ya riga ya nuna yana iya yini bai sha ba.

4. Ka gaya wa iyali da abokai. Ka ce musu: "Kwanakin nan zan yi saurin fushi, ku yi haƙuri da ni, kuma kada wanda ya miƙo mini taba." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Daren jajibiri ka fitar da kome: kwali, guntaye, tukunyar taba. Ka wanke rigunan da ke warin hayaƙi. Inda kake ajiye taba, nan za ka ajiye abin kiɗa.

6. Daga ranar, ko zuƙa ɗaya babu. In sha'awa ta taso, ka sha ruwa, ka ja dogon numfashi sau uku, ka ɗauki abin kiɗa. Kada ka ajiye sai ka maimaita kiɗanka sau goma. In kana wurin da kiɗa bai dace ba, kamar kasuwa ko zaman makoki, ka sa asuwaki a baki, yatsunka su riƙa bin kiɗan a kan gwiwa ba tare da ƙara ba.

7. Kada ka jira sha'awa ta riga ka. In ka san bayan tuwon dare take zuwa, da ka wanke hannu ka ɗauki gurmi.

8. Kowace yamma ka ja layi ɗaya a bango ko a littafi. Kwana bakwai, layi bakwai. Ganin su yana ƙara ƙarfin zuciya.

A kula da waɗannan tarkuna

Tarko na farko shi ne wurin kiɗa kansa. Gidajen wasa da dandalin dare cike suke da hayaƙi. Wanda ya je can koyon kiɗa don ya bar taba, an gudu ba a tsira ba. A koya da rana, a gida ko a gona. Watan farko a rage zaman fadar da ake shan taba, ko a zauna nesa da masu sha.

Na biyu shi ne canji. Wani yakan bar sigari ya koma taba gari da kanwa, ko shaƙe, ko shisha. Duk nikotin ne, duk igiya ɗaya ce. Tabar da ake sa wa a baki tana ɓata dasashi, tana kuma kawo kansar baki. Hayaƙin shisha kuwa, ruwan da yake bi ba ya tace gubarsa.

Na uku shi ne "kara ɗaya kawai". Daga kara ɗaya ake komawa kwali. Amma in an yi tuntuɓe an sha, kada a ce shi ke nan. Yawancin waɗanda suka bar taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya. A duba abin da ya kawo tuntuɓen, a ci gaba a ranar.

Na huɗu shi ne raina tari. Bayan bari tari yana iya ƙaruwa na ɗan lokaci, domin huhu yana share kansa. Amma tarin da ya wuce sati biyu, ko mai jini, ko mai zuwa da rama da zufar dare, sai a tafi gidan likita a auna majina. Mai irin wannan tari kada ya busa sarewa cikin mutane, kada kuma ya ba wani aron ta. Ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi ma ba na zama gida ba ne.

Wanda yake shan kwali guda ko fiye a yini, ko wanda ke kunna taba da ya buɗe ido da asuba, igiyar jininsa tana da kauri. Ya je ya ga majo ko lokotoro. Akwai magungunan da ke rage wahalar kwanakin farko. OMS ta ce shawarar ma'aikacin lafiya tare da magani tana iya ninka sa'ar bari fiye da sau biyu. Kiɗa da magani ba su faɗa, tare suke aiki.

Abin da jiki ke samu

Jiki ba ya ɓata lokaci wurin gyara kansa. Ga abin da likitoci suka tabbatar:

Bayan minti 20, bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka.
Bayan awa 12, muguwar iskar nan ta ragu cikin jini, ta koma daidai.
Sati 2 zuwa 12, gudun jini ya gyaru, huhu ya ƙara ƙarfi.
Wata 1 zuwa 9, tari da haki sun ragu.
Shekara 1, haɗarin ciwon zuciya ya koma wajen rabin na mai sha.
Shekara 10, haɗarin kansar huhu ya koma wajen rabi.

Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yana iya tsirar da kusan shekara 10 na rayuwa waɗanda taba za ta ci. Mai 40, shekara 9. Mai 50, shekara 6. Mai 60, shekara 3. Babu wanda ya makara. Mai sarewa da kunnensa zai ji wannan gyara: busar da ke yanke masa a tsakiya cikin satin farko, bayan wata biyu zai kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya.

Mu yi lissafi

Mu ɗauka kara ɗaya dala 5 ne, kuma mutum yana shan 10 a yini.

Yini ɗaya: 10 sau dala 5, dala 50.
Wata ɗaya: 30 sau dala 50, dala 1500, wato jikka 7 da rabi.
Wata 12: jikka 90.

Ranar kasuwa ka tambayi kuɗin buhun hatsi, da na akuya, da na buhun takin zamani. Ka raba jikka 90 da kowane. Abin da ka samu, shi ne abin da ke tashi hayaƙi daga gidanka kowace shekara. Ba a ma sa kuɗin magani ba, ba a sa rumbu ko makiyayar da guntun sigari ke iya cinna wa wuta lokacin rani ba. Ka samu asusu, kowace yamma ka jefa kuɗin tabar ranar a ciki. Kuɗin farko ka biya mai haɗa gurmi. Saura na iyali ne.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne ne igiyoyi uku da taba ke ɗaure mutum da su?
2. Minti nawa sha'awar taba ke yi kafin ta faɗi?
3. A garinku wa ya iya haɗa sarewa ko gurmi? Zai yarda ya koya wa manya?
4. Wanda ba ya son kiɗa, wane aikin hannu zai riƙe?
5. In mutum yana shan kara 20 a yini, jikka nawa yake kashewa a shekara?

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa ɗan uwansa da bai iya ba tukuna. In mutum biyu ko uku suka sa rana ɗaya, suka riƙa koyo tare da yamma, nauyin ya fi sauƙin ɗauka. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.